Daga Ƙayar Aduwa zuwa Ƙullin Kemis: Me Ke Faruwa a Jini Idan Jiki Ya Kumbura?

Da la'asar sakaliya, bayan an gama loda shanu a manyan motocin da za su nufi Kudu, kasuwar shanu ta Mubi takan fara lafawa. Dillalai na lissafin la'adarsu, 'yan kora da 'yan lodi kuma a lokacin ne suke fara jin jikinsu. Wani sa ne ya taka shi. Wani igiya ce ta ɗaye masa tafin hannu. Wani kuma ƙayar aduwa ce ta shige masa dunduniya tun shekaranjiya a hanyar koro garke daga wajen iyakar Kamaru, wurin ya ɗauki zafi yana ƙyalli, har kaluluwa ta fito masa.

Kafin magariba da yawansu sun tsaya a gaban kemis.

"Yaro, haɗa min na ciwon jiki."

"Na nawa, Baba?"

Ba sunan magani ake tambaya ba, kuɗi ake tambaya. Sai a ƙulla ƙwaya huɗu ko biyar a 'yar leda, fara da ja da ruwan ɗorawa. A irin wannan haɗi akan samu Diclofenac ko Ibuprofen, da farasitamol, sau da yawa kuma har da wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya, Dexamethasone ko Prednisolone. Baba ya kora da ruwan leda, washegari ya tashi garau. Shi ke nan magani ya yi suna.

Wannan ciniki ana yin sa a Mubi kamar yadda ake yin sa a Kano da Maraɗi. Abin da mai saye bai sani ba, wani lokaci har mai sayarwar ma, shi ne kowace ƙwaya a ƙullin nan hannu take sawa a cikin wani tsari na aike da umarni da ke tafiyar da fararen ƙwayoyin jini.

Kumburi ba shi ne cutar ba

Kusan shekara 2,000 da suka wuce, wani marubucin Rumawa mai suna Celsus ya lissafa alamomin kumburi guda huɗu: ja, tashin wuri, zafi da raɗaɗi. Har yau da su ake koyar da ɗaliban likitanci. Ta farkon dai ba ta cika fitowa a baƙar fata ba, shi ya sa iyayenmu mata suke ɗora bayan hannu su ji ɗumin wurin maimakon su tsaya neman launi.

An daɗe ana ɗaukar kumburi a matsayin ita kanta cutar. A 1882 wani masani ɗan Rasha, Élie Metchnikoff, yana zaune a garin Messina na Italiya, ya soka ƙayar fure a jikin jaririn wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda ake iya hango cikinta. Da gari ya waye ya leƙa madubin ƙara girma, sai ya tarar da wasu ƙwayoyin halitta masu yawo sun yi wa ƙayar ƙawanya. Daga nan ya kafa hujjar cewa jiki yana da mayaƙa masu haɗiye baƙon abu, kuma kumburi alamar aikinsu ne. Ya samu kyautar Nobel a 1908.

Ƙayar da ke dunduniyar ɗan kora ma irin wannan tarba ta samu.

Rundunar da ke fitowa daga ɓargo

Fararen ƙwayoyin jini iri-iri ne, amma mafi yawa su ne nutrofil, waɗanda suka kai rabi zuwa kashi biyu cikin uku na jimlarsu. Ɓargon baligi yana ƙera kimanin biliyan 100 daga cikinsu kowace rana, domin ba su da tsawon rai. Akwai kuma makrofaj, masu zaman gadi a cikin nama, su ne ke fara jin shigowar baƙo.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da ƙaya ta huda fata, ƙwayoyin cuta suka bi ta, masu gadin nan suna sakin wasu sinadaran kira. Ƙananan hanyoyin jini na wurin su buɗe, jini ya ƙaru, ga zafi ke nan. Ruwa ya tsattsafo cikin nama, ga tashin wuri. Bangon hanyar jinin ya yi danƙo, nutrofil da ke wucewa a guje ta fara mirginawa a hankali, ta tsaya cak, ta baje, ta kutsa ta tsakanin ƙwayoyin bangon, ta bi ƙanshin kiran har inda ƙayar take.

Ita wannan ƙwaya ba ta da ido, ba ta da ƙwaƙwalwa. To wa ke gaya mata ta tsaya, ta juya dama, ta kai hari, sannan ta daina?

Masu sa shaida da masu goge ta

Duk wanda ya taɓa shiga kara ya san shaidar da ake yi wa dabba da fenti bayan ciniki ya faɗa. Sa yana nan yadda yake, amma da an zana masa alama a gadon baya matsayinsa ya canza: an san motar da zai shiga da garin da zai sauka.

A cikin ƙwayar halitta akwai masu irin wannan aiki. Enzayim dai wani nau'in furotin ne da ke hanzarta aiki a jiki. Daga cikinsu akwai dangin da ake kira kainas, aikinsu su ɗauko wani ɗan guntun sinadari mai suna fosfet su manna wa wani furotin. Da an manna, furotin ɗin ya canza siffa, ko ya tashi aiki ko ya kwanta. Akwai kuma kishiyoyinsu, fosfatas, masu goge shaidar. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka gano wannan tsari a tsakiyar shekarun 1950 a birnin Seattle na Amurka, suna binciken yadda tsoka ke fito da sukarin da ta adana. Sai a 1992 aka ba su Nobel, bayan an fahimci cewa da wannan dabara ɗaya jiki ke tafiyar da kusan komai. Ɗan Adam yana da kainas sama da 500.

Ga yadda abin yake a dunduniyar ɗan kora. A fatar makrofaj akwai wasu masu sansano baƙo. Ɗaya daga cikinsu, TLR4, yana gane wani sinadari da ke jikin rukunin bakteriya. Da ya ji shi, sai ya tayar da kainas mai suna IRAK4, saƙo ya bi hannu zuwa hannu har ya isa ga wata kainas, IKK. A can ciki akwai wani babban jami'i, NF-kB, wanda aka gano a 1986, yana zaune a tsare, wani furotin ya riƙe shi. IKK ba ta taɓa jami'in, mai tsaron take yi wa shaida. Da shaidar ta hau, sai a kwashe mai tsaron a niƙe shi, jami'in ya shige fadar ƙwayar halitta inda kundin gado yake, ya ba da umarnin a ƙera sinadaran yaƙi irin su TNF da IL-1 da IL-6. Waɗannan su ne ke sa zazzaɓi da kasala da ɗacin baki.

Hanyar da nutrofil ke bi ta gane gabas da yamma ta fi ba ni mamaki. Gefen da ya fi jin ƙanshin kiran, a nan wata enzayim mai suna PI3K take yi wa kitsen fatar ƙwayar shaida. A sauran gefuna kuma wasu enzayim biyu, PTEN da SHIP1, suna bi suna gogewa. Saboda haka shaidar takan taru a gefe guda, nan ne ya zama goshi, nan ƙwayar ke miƙa ƙafa. In babu masu gogewa, ko'ina goshi ne, tafiya ta gagara.

Bilic a cikin maruru

Idan nutrofil ta haɗiye ƙwayar cuta, takan kulle ta a wata 'yar jaka. Makamin da za a kashe ta da shi a wargaje yake ajiye, gunduwa-gunduwa, kamar bindigar da aka kwance don kada ta tashi a cikin gida. Sai wata kainas, PKC, ta yi wa ɗaya daga cikin gunduwoyin shaida, sannan su haɗu a jikin jakar su fara juya iskar oksijin zuwa guba. Wata enzayim ta ƙarasa aikin, ta haɗa gubar da sinadarin kuloraid na gishirin jiki, a samu asid ɗin da ke ba ruwan bilic na wanki ƙarfinsa.

Wannan enzayim ta ƙarshe launinta kore ne. Ita ce ke sa mugunya da majina su yi tsanwa-tsanwa. Mugunyar da wanzami ke fitarwa idan ya yi wa maruru sakiya, akasarinta gawarwakin nutrofil ne da suka mutu a bakin aiki.

Wasu ƙwayoyin cuta sun san cewa da ɗan gari akan ci gari. Ƙwayar tarin fuka, cutar da Najeriya ke kan gaba da ita a Afirka, tana da tata fosfatas mai suna PtpA. Bayan makrofaj ta haɗiye ta, sai ta saki wannan enzayim ta goge shaidar da ya kamata ta sa a zuba wa jakar asid. Ta haka take mayar da kurkuku ɗakin kwana, ta yi shekaru a ciki.

Inda ƙullin kemis yake sa hannu

Raɗaɗin kumburi yana da tasa hanyar. Wata enzayim tana yanko wani kitse daga fatar ƙwayar halitta, wata kuma mai suna COX ta mayar da shi furostagalandin, sinadarin da ke sa jijiyoyi su ƙara jin ciwo, ya kuma sa ƙwaƙwalwa ta ɗaga zafin jiki. A 1971 John Vane ya nuna a Landan cewa asfirin toshe wannan enzayim yake yi. Diclofenac da Ibuprofen da Piroxicam duk aikinsu ke nan.

Matsalar ita ce COX biyu ce. Ta biyu ita ce ke tashi lokacin kumburi. Ta farko kuwa kullum tana bakin aiki, tana sa ciki ya yi majinar da ke kare shi daga asid ɗinsa. Ƙoda ma da furostagalandin take riƙe hanyoyin jininta a buɗe idan ruwan jiki ya yi ƙasa. Yawancin magungunan nan ba sa bambance ta farko da ta biyu.

Yanzu a auna ɗan lodin da ya wuni a ranar Mubi ta watan Afrilu, zafi na neman digiri 40, ya yi gumi har rigarsa ta yi gishiri, cikinsa ba komai, sannan ya haɗiye iri biyu na wannan magani a ƙulli ɗaya. In ya yi haka yau kaɗai, wataƙila ya sha. In ya mayar da shi abin kowane dare, gyambon ciki da ciwon ƙoda yake tarawa. Haɗa iri biyu daga dangin nan ba ya ƙara sauƙi, illa yake ninkawa.

Masu harkar dabbobi suna da darasi a nan. A Indiya da Pakistan, a shekarun 1990, ungulaye sun ragu da sama da kashi 95 cikin 100. Da aka bincika sai aka gano Diclofenac ɗin da ake yi wa shanu ne ke lalata ƙodar ungulun da ta ci mushensu. Indiya ta haramta shi ga dabbobi a 2006.

'Yar mitsitsiyar ƙwaya

Ta fi kowace arha a ƙullin, ta kuma fi kowace ƙarfi. Dexamethasone da Prednisolone kwaikwayo ne na wani sinadari da jiki ke yi a saman ƙoda. A 1948 likita Philip Hench ya gwada kotizon, ɗaya daga cikin dangin wannan sinadari, a kan wata mata da amosanin gaɓɓai ya kwantar a asibitin Mayo na Amurka, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. Bayan shekara biyu aka ba shi Nobel. Ba a jima ba kuma illolin suka fara bayyana.

Su waɗannan ba enzayim guda suke toshewa ba, fadar suke shiga. Suna danne NF-kB, suna kuma sa a ƙera wata fosfatas, MKP-1, wadda ke bin wata muhimmiyar kainas ta kumburi mai suna p38 tana goge mata shaida. Sakamakon shi ne kira ya ɗauke, runduna ta zauna. Dunduniyar ɗan kora ta daina zafi, ya ce ya warke, alhali ƙayar na ciki kuma bakteriya na hayayyafa babu mai ce musu kanzil.

Ban ce maganin banza ba ne. A watan Yunin 2020 gwajin RECOVERY da jami'ar Oxford ta jagoranta ya nuna cewa Dexamethasone ya rage mace-macen masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Amma a gwajin nan dai, waɗanda ciwonsu bai kai ga buƙatar oksijin ba, bai amfane su ba. A 1982 kuwa, da David Warrell da abokan aikinsa suka gwada shi a Tailan kan masu zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sai ya tsawaita sumarsu ya ƙara musu matsaloli. Magani ɗaya, sakamako uku. Wanda ya auna maras lafiya ne kaɗai zai iya sanin a wane layi yake.

A garuruwanmu kuwa har don ƙiba ake shan sa, a cikin haɗin da 'yan mata ke kira "sha ka fashe". Fuska ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu su sirance. Wannan ba ƙibar lafiya ba ce. Bayanta akwai hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi, da tarin fukan da ya daɗe a kwance ya samu sarari ya tashi. Wasu mayukan bilicin da na ƙuraje, har da waɗanda ake shafa wa jarirai, suna ɗauke da dangin wannan magani. Wanda kuma ya yi makonni yana sha, in ya yanke rana ɗaya jikinsa na iya rikicewa, domin jikin ya riga ya rage ƙera nasa. A hankali ake janye shi, a hannun likita.

Idan runduna ta juya wa gida

Akwai lokacin da kiran ya wuce gona da iri. Idan cuta ta bazu, sinadaran yaƙi suka cika jini, hanyoyin jini na duk jiki suka buɗe lokaci guda, sai bugun jini ya faɗi, ƙoda da huhu su gaza. Wannan shi ne sefsis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 ya kama kimanin mutum miliyan 49, ya kashe kusan miliyan 11, kuma Afirka kudu da Sahara na cikin inda ya fi ɓarna. Mai jego da jariri sabon haihuwa da mai miki da aka yi wa sakaci suna sahun gaba.

Misalin da ya fi kusa da gidajenmu shi ne sikila. Kimanin jarirai 150,000 ake haifa da ita a Najeriya kowace shekara. Kowa ya san labarin jan ƙwayar jini mai siffar lauje, amma ba ita kaɗai ke toshe hanya ba. Idan jan ƙwaya ta fashe, sinadarin da ke fita daga cikinta yana taɓa TLR4 ɗin nan kamar bakteriya ce ta shigo. Bango ya yi danƙo, nutrofil su manne, su cafko laujunan da ke wucewa, hanya ta cushe, yaro ya fara kukan ƙashi. Hydroxyurea, wanda likitoci ke ba masu sikila, ban da ƙara irin jinin jarirai da yake yi, yana kuma rage yawan nutrofil, kuma wannan na cikin amfaninsa.

Wani abu da ya kamata masu karɓar sakamakon gwajin jini su sani: mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wani furotin mai suna Duffy a jan ƙwayar jininsu, gadon da ke ba su kariya daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro. Masu wannan gado sukan nuna ƙarancin nutrofil a gwaji alhali lafiyarsu ƙalau. Ma'aunin da aka daɗe ana bugawa a takardun gwaji kuwa, da jinin Turawa aka tsara shi.

Sabon magani, tsohuwar tazara

Tun da aka gane aikin kainas, kamfanonin magani suke neman ƙwayar da za ta toshe guda ɗaya ta bar saura. Babbar nasara ta farko ita ce Imatinib a 2001, maganin wata sankarar jini wadda asalinta kainas ce da ta maƙale a kunne, tana sa ɓargo ya yi ta zubo fararen ƙwayoyi ba tsayawa. A Najeriya an yi shekaru ana ba da shi kyauta a asibitin koyarwa na jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, tafiyar da ta haura kilomita 1,000 daga Mubi.

Daga baya aka samu masu toshe dangin JAK, kainas ɗin da ke isar da saƙon IL-6 da 'yan uwansa. An amince da Tofacitinib don amosanin gaɓɓai a Amurka a 2012, a farkon 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar Baricitinib ga masu korona mai tsanani. Su ma ba su tsira ba: a 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta sa musu gargaɗi mai ƙarfi kan ciwon zuciya da daskarewar jini da sankara. Ga tsada kuma.

Wa za a ɗora wa laifi?

Ɗan lodi yana da hujjarsa. Abin da ya samu yau shi za a ci gobe, in ya kwanta babu mai biyan sa. Zuwa asibiti na nufin kati, layi, gwaji da asarar wuni guda. Mubi kuwa, garin da Boko Haram ta mamaye a ƙarshen 2014, mutane suka watse suka dawo suka fara daga tushe, ba a yi wa mutanensa wa'azin haƙuri da ciwo.

Mai kemis ma yana da tasa: in ya hana, na kusa da shi zai bayar, kuma wanda ya haɗa mai "ƙarfi" shi ke da kasuwa. Likitoci da masana haɗa magunguna kuwa abin da suka daɗe suna nanatawa shi ne Dexamethasone da danginsa ba sa cikin abin da ake sayarwa babu takardar likita, kuma sa ido a kan haka aikin NAFDAC ne da hukumar kula da harkar haɗa magunguna ta ƙasa. A ganina hujjar mai kemis ce ta fi rauni, domin shi ne ya san abin da ya zuba a ledar, Baba bai sani ba.

Mubi na da jami'ar jiha da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya. Ɗalibansu za su iya sayo irin waɗannan ƙulle-ƙulle daga unguwanni su tantance abin da ke ciki, aikin da bai fi ƙarfin ɗakin gwaji ba.

Kai kuma mai karatu, in ka tsaya gaban kemis, ka nemi a nuna maka kwalin kowace ƙwaya kafin a ɓare ta. In ka ga Dexamethasone ko Prednisolone kuma ba likita ne ya rubuta maka ba, ka ce a cire. Kada ka haɗa Diclofenac da Ibuprofen, kada ka sha su da yunwa ko ƙishirwa, mai ciki da mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda kuma su nisance su sai da izinin likita. Kumburin da ke yaɗuwa, ko ya zo da zazzaɓi da rawar sanyi, ko numfashi ya fara sauri, ko maras lafiya ya fara sambatu, a kai shi asibiti a ranar. Ƙayar kuma a cire ta.